Shuni a Bangon Fada

An ce wani sarki ne ya fita kilisa bayan gari, ya ratsa ta Tudun Makuba, tsohuwar unguwar magina, sai rawaninsa ya maƙale a indararon wani soro. Shi ke nan fa! Waziri ya ce ai unguwar nan ta tsufa, a rushe ta, a shimfiɗa hanya mai faɗi da rumfunan fatake. Ku ji zalunci, jama'a, wai saboda rawani!

Aka kira Cindo, dattijon maginan unguwar, aka miƙa masa ƙwaryar shuni. Sarki ya ce, "Duk ginin ƙasar da ya ga kakanni uku, kuma yatsa ke shiga tsagarsa, ka shafa masa. Ranar Asabar a rushe."

Ran Cindo ya ɓaci. Zaurensu ma yana cikin waɗanda za a rushe, zauren da har yau sawun yatsun mahaifinsa ke kan yaɓensa. Ya danne zuciyarsa ya ce, "Ya sarki, ko na wane ne?"

"Ko na wane ne."

"In fara ta ina?"

"Da wanda ya fi tsufa mana!"

Kashegari da hantsi fada ta cika, sai ga Cindo a gindin babban soron da sarki ke zaman shari'a. Ya zura yatsa a tsagar bango, ya shige har gindi. Ya tsoma hannu a shuni, ya shafa ɓaro-ɓaro.

Dogarai suka yi kansa. Sarki ya miƙe yana huci: "Kai tsoho, ka haukace ne? Nan kakana ya zauna, nan aka naɗa mahaifina!"

Cindo ya ce, "Ya sarki, kakan kakana ne ya ɗora bakan soron nan, ya girmi kowane ɗaki a Tudun Makuba. Umarninka na bi. Ko mu daga sama muka faɗo, ba mu da kakanni?"

Waziri ya sunkuyar da kai yana gyaran hannun riga.

Sarki ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya zauna a sanyaye. Ya janye umarninsa, ya kuma hana a wanke shunin. Ya ce, "A bar shi inda zan riƙa gani. Hukuncin da ba zan yarda ya kwana a gidana ba, ba ni da ikon aika shi gidan talaka."