Gonar da Kunya Ta Kusa Cinyewa

Akwai wani manomi a Sanyinna mai suna Lauwali, mutum mai yawan magana. A kasuwa ko a majalisa ba a kayar da shi a gardama. Mutum ɗaya ne kawai ba ya iya buɗe baki a gabansa, surukinsa Malam Siddiƙ. Shekara goma sha biyu da auren 'yarsa Khairiyya, amma in sun haɗu gaisuwa ce a durƙushe, sai kowa ya kama hanyarsa.

Maƙwabcinsa na gona, Ɗangiwa, ya san da haka. Wata bazara ya tumɓuke gambar da ke iyaka tsakaninsu, ya ce kunyoyi ashirin na gonar Lauwali nasa ne, ya kai ƙara kotu. Sannan ya je ya roƙi Malam Siddiƙ ya raka shi, wai ana son dattijo ko za a yi sulhu. Tsohon ya yarda da zuciya ɗaya.

Ranar zama Lauwali ya shigo da hujjojinsa a baki, sai ya ga surukinsa a bencin gaba. Ya sunkuyar da kai. Ɗangiwa ya yi bayani son ransa. Alƙali ya ga wanda ake ƙara bai musa ba, ga shari'o'i jibge, ya yanke hukunci nan take.

A gida Khairiyya ta tare shi.

"Mi kac ce musu?"

"Baba na wurin."

"Kai da ko kaji ba ka bari su yi barci da surutu? To da alƙali zai yanke, ya tambaye ka ko kana da sauran magana?"

"Bai tambaya ba."

Shirin shari'a na rediyo ba ya wuce Khairiyya. Ta san wannan tambayar ta ƙarshe sunanta i'izari, kuma hukuncin da aka yanke ba tare da ita ba bai cika ba. Ta matsa masa ya ɗaukaka ƙara kafin kwana talatin su cika.

Alƙalin babbar kotu ya karanta kwafin shari'ar shafi bayan shafi, bai ga inda aka yi i'izari ba. Ya ce sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi, shari'ar Musulunci ma ta wajabta haka. Ya soke hukuncin, ya ce wani alƙalin ya sake ji daga farko.

Ɗangiwa ya sake gayyato tsohon. Amma Khairiyya ta riga shi zuwa gidan mahaifinta, ta faɗa masa abin da ya faru.

Da aka zauna, Malam Siddiƙ ya miƙe.

"Allah shi gafarta Malam, ni na rufe ma yaron ga baki, ban sani ba. In an ba ni izini in fita."

Ya fita ya zauna can bakin hanya ƙarƙashin bedi, wato darbejiya. Lauwali ya yi magana kusan awa guda, ya kira shaidu uku da suka ga mahaifinsa yana dasa gambar. Kotu ta je gona ta ga ramukan saiwa, ta mayar masa da wurinsa.

Lauwali bai iya zuwa yi wa surukinsa godiya da bakinsa ba. Da kaka ya ɗora damin gero na farko a kan babur, ya aika Khairiyya.

Tsohon ya duba damin ya ce, "Ki ce mishi na gode. Ashe mijinki na da murya. Har bakin hanya nika jin shi."

Darasi: Kunya ado ce a gida, amma a kotu shirunka hujja ce ga abokin shari'arka. Haƙƙinka ne a ji ta bakinka kafin a yanke maka hukunci, in ba a ji ba ka ɗaukaka ƙara cikin lokaci. Allah ya saka wa alƙalan da ke karanta takarda har ƙarshe, da dattawan da suka san lokacin tashi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na da zaman kotu a makon nan.