Direban da ya koma aji, ya tarar da surukinsa ne malami

Akwai wani direban bas da ya kwashe ƙuruciyarsa a bayan sitiyari. Da furfura ta kama shi, kamfanin da yake wa aiki ya sayar da motocinsa, aka sallami direbobin.

Bai faɗa wa matarsa ba. Kullum da safe sai ya sa kakinsa ya fita, yana tunanin ranar da tukunya za ta ƙi hawa wuta.

Wani tsohon kwandastansa ne ya nuna masa makarantar koyon sana'a. Ana karɓar manya, kuma kuɗin ba ya karya wuya, kaɗan-kaɗan ake biya. Ya zaɓi gyaran firji.

Ran farko malami ya shigo, sai Direba ya gane shi. Mijin 'yarsa ne. Wannan dai da ya taɓa ce wa a gaban mutane, "Mai kwance tsofaffin firji ne zai riƙe mini 'ya?"

Ya koma bencin baya, ya ja hula har gira. Samarin ajin suka sa masa suna Kaka.

"Kaka, allon ne ba ka gani, ko ɓuya kake wa masu bin ka?"

Direba ya ƙara sunkuyar da kai. Jira kawai yake ranar da surukin zai rama, labari ya kai gida.

Ranar ta zo. An ba shi wani firji da ƙanƙara ta cika. Shi da ya saba taya in ta ƙi a sa mata ƙarfe, sai ya ɗauki sukudireba ya hau sara. Ji kake fuuu! Bututu ya huje, gas ya fara fita.

Dokar wurin a fili take: wanda ya lalata kaya da ganganci, kora ce.

Malam ya taho a hankali.

Malam ya duba hujin, ya juya ga samarin.

"Ku buɗe tagogi, ku matso. Wannan ɓarnar sai kun gan ta a gida goma, don haka ita ce karatun yau." Ya miƙa wa Direba kayan liƙi. "Baba, bisimilla. Hannunka ya fi nasu natsuwa."

Sau biyu liƙin yana ƙin kamawa. Daga baya ya kama.

Da aka tashi, Direba ya tsaya bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.

"Malam, maganar da na taɓa faɗa maka..."

"Baba, ni ban riƙe ba. Kuma abin da ya faru a aji, a aji yake kwana. Gobe dai a dawo bencin gaba."

Da yamma ya zaunar da matarsa ya faɗa mata komai da bakinsa.

"Yo ai gara haka, Maigida. Tun da ka daina warin man mota na ɗauka ciwo kake ɓoye mini. Tashi ka duba firjinmu, mako guda ke nan ba ya sanyi."

Darasi: Shekaru ba sa hana koyon sana'a, kuma sau da yawa ba tsadar karatu ke tare babba a ƙofa ba, tsoron a gan shi yana koyo ne. Kada ka rena sana'ar kowa. Ku tura wa duk wani dattijo da aiki ya kuɓuce masa.