Ɗan Limamin da Ya Zuba wa Tafki Guba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauyen masunta kusa da Argungu. Mahaifinsa limami ne, shekara arba'in yana jan salla, har ya rasu ba a taɓa jin ya ci hakkin kowa ba. Ɗan kuwa sai ya mai da sunan uban rigar sawa. Kome ya ɓata, sai ya ce albarkar Malam na tare da shi.

Garin na da tafkin da ake hana taɓawa sai ranar su, wato ranar kamun kifi da kowa ke shiga da homarsa. Mutumin nan ya kasa haƙuri. Wata Juma'a, mutane na masallaci, ya tuttula maganin ƙwarin shinkafa a ruwan. Kifi ya taso fari fat, ya shiga yana kwasa, ruwan na fantsar masa a fuska.

Da la'asar wata mata, Baiwa, ta ɗebo ruwan nan ta ba 'yarta. Yarinyar ba ta kwana ba.

Shi kuma idanunsa suka kama ƙuna, cikin mako guda gani ya tafi. Asirinsa ya tonu, aka jawo shi gaban Sarkin Ruwa, ya zube yana kuka yana laluben ƙafafun dattawa, yana cewa, "Ku dubi girman Malam. Don Allah ku dubi Malam."

Sarkin Ruwa ya ce, "Malam ya tahi da aikinai. Kai mi kak kawo?"

Shi kuwa ya ci gaba da kiran sunan Malam.

Matasa suka ce a kori gidan duka, har da babban ɗansa Zayyanu. Baiwa, wadda ta binne 'yarta, ita ta hana. Ta ce, "Zayyanu na masallaci sadda anka yi abin. Ku bar shi." Aka kori mutumin shi kaɗai.

Wannan shi ne abin da annabawan Bani Isra'ila suka yi ta faɗa wa mutanensu: kirkin uba ba ya wanke ɗa, laifin uba ba ya hawa kan ɗa. Kai da kake taƙama da gidanku, ranar hisabi wa zai tsaya maka? Kabarin wa za ka shiga?

Mutumin yana nan a bakin tashar Argungu, yana kiran sunan ubansa ga duk wanda ya gitta. Ni na gan shi, na kuma ji tsoro.

Allah ya kiyaye mu, ya sa mu je gabansa da aikin hannunmu mai kyau. Amin.