Askin da Tsatso Ya Yi wa Jemage

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

Tsatso, ƙwaron nan mai almakashi a wutsiya, kullum cikin mita yake, wai duk duniya ba wanda aka zalunta kamarsa. An ba shi masauki a jikin Jemage, amma ko gashin shimfiɗa haƙarƙari babu!

Ga yadda aka yi. Yunwa ce ta koro shi kogon kuka, ya tarar da Jemage a rataye yana ta soshe-soshe.

Ya kaɗa almakashi ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Aska ne da kansa. A ɗan rage maka suma?"

Jemage ya ce, "Kaɗan fa," barci ya kwashe shi.

Tsatso ya datsi dama, ta fi hagu gajarta. Ya daidaita hagu, ita ma ta zarce. Yana daidaitawa yana daidaitawa, har Jemage ya koma sumul kamar bayan ƙwarya.

Jemage ya farka, ya shafa jiki, ya wage baki. "Yau kai ne kalacina!"

Tsatso ya ce, "Bismilla, yallaɓai. Amma ƙaiƙayin nan fa, yana nan?"

Jemage ya sake shafa jiki. Ƙaiƙayi ya tafi.

"To, in ka cinye ni, wa zai riƙa lashe maka maiƙo da amosani kar ya dawo?"

Tun ranar Tsatso ke ci a jikin Jemage, ya kwanta a hammatarsa, a yi sama da shi kyauta. In aka ce, "To wa ya aske gashin?" sai ya gyara tsayuwa: "Ni ne. Amma ku dubi hannu, ko ƙwarzane babu!"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Mai musu ya je a rage masa suma.