Shanyar Shinkafa a Filin Jirgi

Akwai wani dillalin shinkafa a wani ƙauye na Gwaram, ana ce masa Alhaji Ikrima. Mutum ne da ba a gaya masa ya ji.

Wata damina ruwa ya cinye hanyar ƙauyen. Sojoji suka zo da farantan ƙarfe marasa nauyi, suka jera su a kan laka suna sarƙafa wannan da wancan, don jirgi mai saukar ungulu ya samu wurin sauka da magani.

Kafin su wuce ƙauye na gaba, Saja Zulkifli ya tara mutane ya ce, "Don Allah ko tsumma kada a bari a nan. Iskar jirgi za ta ɗauke shi ta cusa cikin farfela."

Kun san halinmu, duk inda muka ga dandamali mai tsabta sai shanya. Kowa ya danne zuciyarsa, ban da Alhaji. Ya baza tamfol shida, ya zazzage shinkafar da ya turara.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, ba ka ji abin da soja ya faɗa ba?"

"Filin ubansa ne? Sai shinkafata ta yi funfuna saboda jirgin da ba ya zuwa kullum?"

Da hantsi maciji ya sari wani makiyayi, Bappa. Aka kira sojoji a waya, aka ɗauko shi zuwa bakin filin, ƙafarsa ta kumbura suntum.

Jirgin ya iso ya tarar da shanya. Mutane suka ruga za su janye, Alhaji ya tare su yana ihu, "A bi a hankali! Kada a zubar min!" Wallahi har yanzu in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Jirgi ya yi ta kewayawa, mansa ya yi ƙasa, ya juya.

Kafin ya dawo a tafi asibitin Birnin Kudu, Bappa ya cika.

A wajen jana'iza Alhaji ya matso zai kama makara. Manu, ƙanin mamacin, ya cire masa hannu a gaban kowa.

"Bar shi, Alhaji. Jeka ka juya shinkafarka."

Darasi: Abin da aka tanada don ceton jama'a ba naka ba ne, ko da ka gan shi babu kowa a kai. Ku tura wa duk mai wannan hali, ko zai ji kunya.