Masu Gadin Rumbu Biyu

Malama Keziya, nas ɗin asibitin garinmu, ita ta fara gaya mini wannan, ranar da na je mata da tarin wata uku, ƙirjina yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na ce, "'Yata, jikin nan ya ci amanata. Ko baiti ɗaya na waƙa ba na iya kaiwa ƙarshe a zumuntar mata ta coci." Ta ce, "Kaka, zauna ki ji."

Akwai wani manomi mai rumbu biyu, ya sa masu gadi su tsare masa dawarsa. Wata rana ɓeraye suka sami kafa ta gindin rumbu, suka shige. Mai gadi ɗaya ya ji motsi, ya yi kururuwa. 'Yan'uwansa suka sheƙo da kulake, wannan ya kira wancan, har wurin ya cika. Suka yi ta duka, suka yi ta duka. Ɓeraye suka mutu, amma ba wanda ya tsaya ya duba. Bango ya tsattsage, jinka ta zame.

Da manomin ya dawo daga gona ya ga ɓarnar, ransa ya ɓaci, har ya buɗe baki zai kore su. Sai ya leƙa ciki, ya ga dawarsa tana nan. Ya ce, "Sannunku da aiki. Da kun yi sake, da bana sai roƙo. Amma ku ajiye kulaken haka nan. Ɓera ya mutu tun ɗazu, rumbuna kuke duka." Ya kwaɓa ƙasa, ya toshe kafar, ya yaɓe bangon.

To, jikokina, ga ma'anar misalin. Rumbu biyun nan huhunmu ne. Ɓerayen su ne ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Masu gadi kuwa sojojin jini ne da Ubangiji ya zuba mana tun muna ciki. Da sun ji baƙo sai su tashi, su kira juna, zafin faɗansu ne ke kumbura huhu har numfashi ya yi wuya. Ba maƙiya ba ne, himma ce ta yi musu yawa. Kada ku zagi jikinku yadda ni tsohuwar banza na yi. Ku gode wa Wanda ya sa masa tsaro, kuma in tari ya ƙi tafiya ku je a duba ku, gama ta hannun likita ma Ubangiji yakan ce wa masu gadin ya isa. Hayaƙin murhu ma yana ta da su, in ji Malama Keziya.

Washegarin zuwana asibiti na sha maganin da aka ba ni, na kwashe duwatsun murhuna daga ɗakin girki na kai gindin mangwaro. A fili na dama kunu, ina yi wa Ubangiji godiya a hankali, gwargwadon numfashin da nake da shi.