Taswirar da Gara Ta Ci

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta, in ta yi tsami mu mayar maka da abarka.

Wani sarki ne ya gaji tsohuwar taswirar duwatsu, zane a kan fatar akuya. Kowane tudu da kwari an zana, sai wuri ɗaya a tsakiya fari fat. Abin ya hana sarki barci. Ya kira Nomau maharbi, ya ce, "Je ka cike mini gurbin nan. Ka dawo ba zane, kanka. Ka zana ƙarya, kanka."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kan nawa dai ɗaya ne."

Ya tafi, ya tafi, ya tafi. Dutsen farko, taswira ta ce kurmi, ido ya ce kututture. Ya tambayi rema, "Malam na kan dutse, ina itacen?"

Rema ya ce, "An zana shi, masu gatari suka biyo zane."

Dutse na biyu, taswira ta ce tafki, sai ga taɓo ya tsage. Goggon biri ya ce, "Kai ma da fatar ka zo? An zana shi, aka biyo zane."

Dutse na uku, wurin da ba a zana ba. Ruwa na gudu, gada na sha, giginya ta yi layi. Nomau ya zauna ya yi tagumi. Ashe mai zanen farko ba mantuwa ya yi ba.

Gara ta leƙo daga suri ta ce, "Baƙo, me ya sha maka kai?"

Ya gaya mata. Ta ce, "Zana gaskiyarka. Ka gaji, ga suri, yi matashi da fatar."

Ya zana ruwa, ya zana hanya, ya kwanta, ya yi minshari.

A fada sarki ya warware fata, sai ya hango fuskar waziri ta cikin huji a tsakiyarta.

"Nomau! Ka zana?"

"Na rantse da rawaninka na zana, gaskiya tsantsa."

"To ina yake?"

"Yana cikin gara, ranka ya daɗe. A kamo ta a tambaye ta."

Sarki ya naɗe fata. Har yau ruwan nan na gudu, ba wanda ya san hanya.

Ba duk abin da ido ya gani ake nunawa da yatsa ba.

Ƙurunƙus kan gara. In ƙarya na yi, ita ta cinye shaidar.